Babi na Biyar: Maigida a Inuwar Bazara

Manomin ƙasar Mashi ba ya samun sararin zama sai sau ɗaya a shekara, shi ma a lokacin da zaman ya fi wuya. Da damina gona ta riƙe shi. Da kaka ga girbi, ga ɗaurin dami, ga bashin da aka ci tun lokacin shuka, ga aurarrakin da aka yi ta ɗagawa sai amfani ya zo gida. Da hunturu kuma sanyi da ƙura su kora kowa ɗaki tun da magariba. Sai Maris ya kama, iskar arewa ta kwanta, sannan magidanci zai duba gabansa ya ga babu wani aiki da ya ce lallai sai yau. A daidai nan ne kuwa rana ke buɗe wuta. Cikin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, yashi ya hana tafiya ba takalmi tun hantsi, kwanon rufi ya mai da ɗaki wurin da ba a shiga sai dole. Wannan shi ne lokacin hutun maigida, kuma duk abin da zai yi a cikinsa sai ya nemi izinin rana.

Mashi tana bisa titin da ya tashi daga Katsina zuwa Daura, kusan a tsakiyar tafiya, ƙaramar hukumar kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. A sarauta Katsina take bi, Iyan Katsina ne hakiminta. A siyasa kuwa shiyyar Daura aka lissafa ta, haka nan ciniki da auratayya sun ɗaure ta da garuruwan gabas. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 173 da 'yan kai. Gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi su ne abin dogaro, kuma ruwan da ake noma su da shi bai cika wuce wata huɗu yana zuba ba. Ko wanda ke karɓar albashi a sakatariya, in ka bincika, yana da gonar gado a bayan gari. Saboda haka kalandar manomi ita ce kalandar kowa.

Asabar da Lahadi na ma'aikaci ne: malamin firamare, ma'aikacin asibiti, akawun ƙaramar hukuma. Sauran jama'a makonsu a kan Juma'a da ranar kasuwa yake juyawa. Makarantar allo kuma Alhamis da Juma'a take hutawa, kamar yadda aka gada. Sai ka tarar da gida guda mai hutu iri uku da ba su haɗuwa. Ɗan boko ya sami Asabar, Islamiyya ta karɓe ta. Mai allo ya sami Alhamis, uban yana wajen nema. Uban ya sami yammacin Juma'a, yara sun bazama. Wanda ya je Mashi da tunanin zai ga magidanci ya ware kwana biyu ya kwashi iyali zuwa wurin shaƙatawa, zai dawo ya ce mutanen nan ba su hutawa. Suna hutawa. Hutun ne a yayyanke yake, guntu da safe, guntu da la'asar, kuma kusan kowane guntu an lulluɓe shi da sunan wani aiki, don babba ba ya so a ce an gan shi yana wasa.

Guntun farko shi ne na bayan asuba. Kafin rana ta ɗaga, maigida zai saɓa gatari ko ya rataya fartanya ya ce zai je ya gano gona. A watan Afrilu babu abin ganowa a gona. Fili ne fetal, sai tushiyar dawar bara, sai sabara da ta sake tohowa, sai sawun awaki. Akwai aiki kam: a yi sassabe, a tara ƙaya a ƙone, a kai taki a mangala bisa jaki ko a kurar shanu, a zube shi tsibi-tsibi yana jiran ruwa. Amma aikin da za a gama cikin mako guda, sai mutum ya ja shi wata biyu, da gangan. Zai tsaya gindin gawo ya daɗe. Gawo dai itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da rani yake ganye, da damina ya kakkaɓe, don haka shi ke ba da inuwa lokacin da ake nemanta, kuma ba ya tare wa gero rana lokacin da gero ke so. Dabbobi kan kwanta a ƙarƙashinsa su bar taki, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne. Manomi ya san geron gindin gawo ya fi na ko'ina kai, shi ya sa gatari ba ya hawansa sai a hannun wanda bai san ciwon gona ba.

A irin wannan fita ce yaro kan sami ubansa shi kaɗai. Na ji wani yaro, bai fi shekara tara ba, ya gaji da bin ubansa cikin yashi, ya ce, "Baba, to me muka zo gani? Ba komai a gonar." Uban bai ko waiga ba. Ya ce, "Kai dai taho. Ka ga aduwar can? Daga ita zuwa gawon nan namu ne. Bayanta na Baffanka ne. Gambar nan kakanka ya dasa ta, ita ce iyaka. Ko bayan raina kada ka bari a matsa ta." Mafi yawan gonakin ƙauye babu takarda a kansu. Iyakarsu tana cikin kan mutane, kuma da safiyar bazara ake zuba ta daga kai zuwa kai. Rigimar gona da yawa da ke kai 'yan'uwa gaban mai gari ko alƙali, in ka bi salsalarta, za ka iske uba ne ya rasu bai taɓa zagayawa da 'ya'yansa ba.

Wannan ɗabi'a ta gano gona ba ta bar manya ba. Marigayi Muhammadu Buhari, ko yana shugaban ƙasa, in ya zo hutun Sallah Daura sai an gan shi a gonarsa yana duba shanu. A bayanin kadarorinsa da aka fitar a 2015 an lissafa shanu 270, tumaki 25 da dawaki biyar. Mutanen Legas sun yi ta mamakin shugaban da ke da damar zuwa ko'ina a duniya amma ya zaɓi tsayawa cikin garke. A Mashi babu wanda ya ga abin mamaki. Kowa ya san daɗin da ke cikin mutum ya tsaya, hannu a baya, yana kallon abin da yake nasa yana cin abinci.

Wanda ba shi da garke yana da turke. Kiwon rago shi ne babban abin sha'awar magidanta a wannan yanki, kuma yanzu ya faɗo cikin bazara sosai, tunda Babbar Sallah ta 2025 a farkon Yuni aka yi ta, kowace shekara kuma tana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Mutum zai je kasuwar Mashi, ko ya wuce Mai'aduwa ranar Lahadi inda dabbobin Nijar ke sauka, ya zagaya kara tun safe. Ya ɗaga leɓe ya duba haƙori, ya danna gadon baya, ya kama gindin wutsiya. Wani Balami yake so, fari dogo mai faɗin kunne. Wani Uda, wanda gabansa baƙi ko ja, bayansa fari kamar an raba da mizani. Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya kan ɗan ƙasa. In an kawo shi gida sai hidima ta tashi. Dusa da ƙasari da safe, da ɗan kanwa a ciki. Harawa da rana, wadda aka adana bisa rufin ɗaki ko reshen itace tun kaka. Kowar wake da 'ya'yan gawo da yamma. Ana matsa masa turke yana bin inuwa. Ranar Juma'a ko Asabar a yi masa wanka da sabulu, yara suna riƙe ƙafa. Maigidan da ba ya iya tuna ajin da 'yarsa take, ya san ranar da ragonsa ya rage ci.

Matan gida sun lura da haka, ba su kuma yin shiru. "Malam, ragon nan fa ya fi mu jin daɗi a gidan nan." Shi kuma ya ce, "Ki bar shi, kuɗin makarantar yaran nan ne ke tsaye da ƙafa huɗu." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. In aka yi lissafin dusa da harawa da magani a farashin yau, da sabulun wanka, ribar da ke cikin rago guda ba ta taka kara ta karya ba, wani lokaci ma uwar kuɗin ce ke dawowa da ƙyar. Abin da ya ci riba shi ne zaman da yake yi kan turmi bayan sallar asuba yana shafa wuyan dabbar, da ranar da maƙwabta za su shigo gani su ce, "Kai, Malam, wannan ai sa ne." Masu tattabaru ma haka. Tukwane ne a jere bisa katanga ko ɗan ɗaki na laka mai ƙofofi, kasko na ruwa, tafin gero da safe. Tattabara ƙwai biyu take yi, uwa da uba su yi karɓa-karɓa wajen kwanci, kafin kwana ashirin an ƙyanƙyashe. Mai su ya san kowace da kamanninta, ya san wadda ta bi na maƙwabci ba ta dawo ba, kuma zumuncin shekaru ya sha yin tsami a kan tattabara guda.

Daga hantsi zuwa azahar gari na masu sana'a ne da masu gyaran gida, don bazara ce lokacin yaɓe, da gyaran indararo, da baibayar rumbu, da ɗaure darnin da iska ta kayar, kafin hadarin farko ya tona asirin malalaci. Bayan azahar kuwa komai tsayawa yake. A dama fura da nono, a zuba ruwan randa, maigida ya sha a zaure ya miƙe bisa tabarma da mafici a hannu. Ba a sallama da ƙarfi a wannan lokaci, yaron da ya yi ƙiriniya kuma ya san sauran.

La'asar sakaliya ita ce ta majalisa. Kowace unguwa tana da tata, a gindin bedi, wato darbejiya, ko tsamiya, ko bisa dakalin wani dattijo. Babu rajista, babu kuɗin shiga, amma kowa ya san wurin zamansa, baƙo kuma ya san sai an ce masa bismilla. Akwai ta dattawa, akwai ta 'yan kasuwa, akwai ta malaman makaranta, akwai ta matasan magidanta da ba su kai zama da iyayensu ba. Kusancin Nijar ya sa shayin Buzaye ya zauna daram: 'yar buta bisa gawayi, ana ɗaga ta sama ana tsiyayawa har kumfa ya tashi, zagaye na farko da ɗaci, na uku da zaƙi. Mai mangwaro ya ajiye tire, a saya a yanka, kowa ya miƙa hannu.

A gefe ake dara. Babu abin da ake saye don yin ta. Mutum ya share yashi da tafin hannu, ya danna gurabu talatin, layi biyar gida shida-shida. Kowane ɗan wasa 'ya'ya goma sha biyu: wannan ya karya tsinke ko kara, wancan ya tsinci tsakuwa ko ƙwallon dabino. Da farko dasawa ake yi ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba tukuna, kuma a nan gwani ke cin wasan tun kafin a fara tafiya. Idan an gama dasawa, sai a riƙa matsawa gida guda, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Abin da kowa ke nema shi ne ya kafa 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, duk motsi ci ne. In aka kai nan, sai wanda ake ci ya fara duban rana yana cewa lokacin alwala ya yi. Na ga dattijo mai jikoki, wanda in ya yi tari a gidansa kowa ke nutsuwa, ya tsuguna har rigarsa tana jan ƙasa, ya riƙe tsinke a sama ya kasa ajiyewa, 'yan kallo shida sun sunkuya a kansa kowa da shawararsa. Taubashinsa da ke cin sa ya ce, "Alhaji, ajiye mana, ko sai an aika gida an tambayo Hajiya?" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. A duk faɗin garin babu inda za a faɗa masa haka ya yi dariya sai nan.

Masu wa'azi da 'yan boko sun haɗu a kan sukar majalisa, wai zaman kashe wando ne da cin naman mutane. Akwai gulma, ban musa ba, kuma in zaɓe ya matso akwai majalisar da ke rabewa biyu har a daina gaisawa. Amma a nan ake jin farashin buhun taki kafin a je kasuwa. A nan ake sanin wane ne ke kwance a asibiti, a zagaya da hula a tara abin da ya samu. A nan ake binciken asalin yaron da ya aiko neman aure, a sasanta mai gona da mai shanu kafin magana ta kai ga hukuma, a samo wa ɗan wani gurbin koyon gyaran babur a Katsina. Magidancin da ya daina fitowa majalisa kwana uku, za a tashi mutum a je a duba lafiya. Ƙasashen da suka ci gaba suna kashe kuɗi a kan matsalar kaɗaicin tsofaffi. Birtaniya har minista ta naɗa don wannan a 2018. Dattijon Mashi yana da tarin matsaloli, ban da wannan.

Rediyo shi ne ɗan majalisar da ba ya fashi. Tun ranar 13 ga Maris 1957 da Aminu Abdullahi Malumfashi, ɗan lardin Katsina, ya buɗe shirin Hausa na BBC, magidancin ƙasar nan ya ɗaura agogonsa a kan labaran duniya. Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, ga Rediyon Kaduna da na jihar Katsina. Da ƙarfe takwas da rabi na dare hira kan tsaya a saurari London, in an gama a ɗora sharhi. Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba zai yi maka bayanin rikicin Sudan da zaɓen Amurka, ya kawo sunaye daidai. Tsakanin labarai kuma akwai waƙa. Mamman Shata ya rasu a 1999, a Daura aka rufe shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, amma har gobe muryarsa ce ke tashi a shagon tela da motar haya, sai dai yanzu daga katin waya take fitowa maimakon kaset.

Matasan magidanta, 'yan shekara talatin zuwa arba'in, nasu ya bambanta. Bazara ita ce ƙarshen kakar ƙwallon Turai, lokacin da ake sanin wanda zai ɗauki kofi, don haka gidan kallo cike yake: rumfar kwano, benci, janareto ko sola, zufa kamar an yi wanka. Akwai wani abu da 'yan kallo suka daɗe da ganewa. Daga ƙarshen Maris, in Ingila ta tura agogonta gaba, lokacinta da namu kan zo ɗaya. Wasan ƙarfe uku na Asabar sai ya zama ƙarfe uku a Mashi, hutun rabin lokaci ya faɗo daidai kiran la'asar, a fita a yi sallah a dawo ba a rasa komai ba. Na Zakarun Turai ne ke da matsala, don ƙarfe takwas ake take shi, daidai isha'i, kuma limamai sun san dalilin da sahu ke raguwa daren Talata da Laraba. Ba na cikin masu ganin ƙwallo ta lalata tarbiyya. Uba da ɗa da ke goyon bayan ƙungiya ɗaya, ko ma masu hamayya, sun sami abin magana da iyayenmu ba su samu da mu ba. Abin da ya fi damuna shi ne waya. Yanzu kana iya iske mutum biyar a tabarma guda, kowa ya sunkuya yana kallon TikTok, shayi ya huce, gurabun dara iska ta cike su.

Daga 2020 zuwa 2024 azumi ya faɗo cikin tsakiyar wannan zafi, ya kuma juya tsarin gaba ɗaya. Gona sai da sanyin asuba, rana a kwana a masallaci ko ƙarƙashin itace da jiƙaƙƙen rawani, la'asar a tafi tafsiri, majalisa ta koma bayan tarawihi har tsakar dare. Aikin maigida na yamma ya zama farautar ƙanƙara. Yanzu azumi ya fara ja da baya zuwa sanyi, ya bar wa bazara layya da shirin alhazai.

Asabar ta ma'aikaci kuwa, in ka duba, ba tasa ba ce. Ɗaurin aure a Mani da ƙarfe goma sha ɗaya, gaisuwar rasuwa a Dutsi, dubiya a asibitin Katsina, suna a ƙauye tun da sassafe. A fito da shadda mai guga, a karya hula, a haɗa kuɗin mai mutum huɗu a mota guda. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 an rage irin wannan zirga-zirga, ana wakilta mutum ɗaya ko a kira a waya a ba da haƙuri. Dangin da ke tsallaken iyaka ma ziyararsu ta sha katsewa, da rufe boda na 2019 da kuma na bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Duk da haka mutum ya gwammace ya ci bashin kuɗin mota da a ce ba a gan shi wurin jana'iza ba. Farauta, wadda a da ita ce babbar fitar maza da rani, da karnuka da gora da kirari, ta ja baya: dajin ya zama gonaki, naman ya ƙare, kuma ko da yake Mashi ba ta sha abin da Jibiya da Batsari da Safana suka sha a hannun 'yan bindiga ba, taron mutane da makamai a daji ya zama abin da hukuma ke sa wa ido. Doki kuma, a ƙasar da Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo suka yi suna da folo, ya koma sai gidan sarauta da masu hali, don cikinsa ya fi na iyali.

Akwai wanda duk wannan bayani bai shafa ba. Lokacin da maigida ke miƙe a zaure, uwargida tana gaban murhu a zafin nan guda, rijiya ta ja baya, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka, yaro na fama da ƙurajen zufa. Dusar ragon ma ita ta surfa. Nata hutun sai biki ko unguwa, ko 'yar hirar tsakar gida bayan isha'i da fim a waya. 'Ya'ya mata kuma su ne suka fi asara. Namiji yana bin uba gona, yana riƙe ragon, yana raɓe a bayan majalisa yana jin yadda manya ke magana. Mace tana iya girma har a kai ta ɗaki ba ta taɓa zama da ubanta na rabin sa'a ba, in ban da gaisuwar safe da karɓar ledar tsire da dare. Kunya ce, an ce, musamman ga 'yar fari. Amma 'yar nan tana da gado a gonar da ba a taɓa nuna mata iyakarta ba, kuma ita ce aka fi cuta ranar rabo. Ban ga abin da zai zubar da girman uba ba in wata safiya ya ce, "Uwata, ɗauko mayafinki ki raka ni gona."

Wasu gidajen kuma babu uban gaba ɗaya. Da an gama kaka ya tafi cirani Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal, yana dako, ko gadi, ko acaba, ko tura ruwa. Masu sa'a su ne na kusa da madatsun Sabke da Daberam, da ke samun noman rani a gida. 'Ya'yan ɗan cirani bazararsu ta jira ce, sai cikin Mayu motoci su fara sauke mutane a tasha da buhu da sabon rediyo.

Dawowarsu alama ce, akwai kuma wasu. Iska ta juyo daga kudu maso yamma da ɗan danshi. Shamuwa ta sauka bisa tsamiya da kukar gari tana gyara sheƙa. Da dare, gari duk a waje ake kwana, don ɗaki ba ya shiguwa, kuma ma'aikatan lafiya na ta gargaɗi a guji cunkoso saboda sanƙarau. Maigida na tabarmarsa a ƙofar gida yana kallon walƙiya can ƙasa-ƙasa ta gabas, yana lissafi. Masu ƙarfin hali su ɗauki sungumi su yi binne a busasshiyar ƙasa, su bar wa Allah. Manoma na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Ranar da aka yi ruwan shuka, majalisa watsewa take ba sallama, sai kuma wata shekara.

Kusan duk abin da aka lissafa a babin nan, in ka cire gidan kallo, a ƙarƙashin itace ake yin sa. Bedin da ake zama gindinsa yau wani ne ya dasa shi shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, ya yi ta ba shi ruwa da tulu. Yanzu ana sare irinsu don a fitar da shago, ko a faɗaɗa titi, ko a sayar wa mai gidan burodi, ba a kuma mayar da gurbinsu. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, amma shirin gwamnati ba zai zo ƙofar gidan kowa ba. Majalisar da ke iya tara kuɗin shayi kullum tana iya sayen dashe biyu a watan Yuli, ta kewaye su da ƙaya saboda awaki, ta sa yaro guda ya riƙa ba su ruwa in rani ya shigo.